Kowa da Babansa

Shekarun baya, lokacin da nake ɗaukar kaina gwanin kwamfuta don kawai na yi 'yan watanni ina koyo a Zariya, ƙungiyar zumuncinmu ta ɗora mini kula da shafinta na intanet. Ƙungiya ce ta mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan, da yawansu neman abinci ya kai su nesa, amma kunnensu na gida. Abin da ake sawa a shafin bai wuce sanarwar aure da suna da rasuwa ba, sai ɗan labarin damina. Ni kaɗai ba zan iya zagaye ƙananan hukumomi uku ba, sai na ba wa wakili ɗaya a kowane yanki damar shiga ya ɗora labari da hoto da kansa. A lokacin gani nake na yi dabarar da ba a taɓa yi ba.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne sabis. A ƙauyukan nan sai mutum ya hau tudu ya ɗaga waya sama kafin ya samu. Saboda haka wakilan sukan tara abin da suke da shi har ranar kasuwar Maƙarfi, in sun shigo gari su zauna a inuwa kowa ya tura nasa. Shafin da yake yin mako shiru, a wannan ranar sai ka ga kaya na ta shigowa kusan lokaci guda.

Wakilin Furana abokina ne tun muna firamare. Mahaifinsa malami ne mai karantar da littattafai a zaurensa, kuma duk tsawon rayuwarsa bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Ba faɗa yake yi ba, juya kai kawai yake yi. Sau ɗaya abokina ya samu sa'a, ya ɗauke shi a sace yana alwala a ƙofar gida, ya ɗago kai ke nan. Bai tura wa kowa ba, bai nuna wa kowa ba, ko ni sau ɗaya na gani. Da Allah Ya yi wa Malam rasuwa, wannan hoton shi kaɗai ne a duniya.

Wayar da hoton ke ciki kuwa ta tsufa, tana mutuwa tana farfaɗowa. Mai gyara ya riga ya gaya masa ba ta da magani sai an wanke ta tas, komai na ciki ya tafi. Ya ƙi yarda saboda hoton. Ranar kasuwar da ta biyo bayan rasuwar, ya shigo Maƙarfi ya rubuta sanarwar addu'ar bakwai, ya ɗora hoton a shafinmu, don ɗaliban Malam na nesa su gani, kuma don hoton ya samu wurin zama. Alamar kore ta fito cewa an karɓa. Ya yi hamdala, ya miƙa wa mai gyara waya, ya shiga kasuwa.

A daidai wannan lokacin, wakiliyar Likoro tana zaune a wani gefen kasuwar da tata wayar. Malamar makaranta ce, Kirista, iyayenta daga kudancin Kaduna suka zo tun ba a haife ta ba. Nata mahaifin an yi masa aikin ido an dace, za a yi godiya a coci, ita ma ta rubuta gayyata ta ɗora hotonsa. Ita ma kore ya fito mata.

Da la'asar ina ofis a Ikara wayata ta fara kuka, kuma ba ta huta ba. Na buɗe shafi. A saman sanarwar rasuwar Malam, ƙarƙashin Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ga wani dattijo sanye da kwat da malafa, da farar audugar asibiti a ido ɗaya, yana dariya har da wawulo. Mahaifin Malama ne.

Mutanenmu kuwa hoto suke fara kallo, rubutu sai in an samu sarari. Kafin na cire sanarwar, 'yan'uwan dattijon na Kafanchan sun kira Malama suna kuka. Wata goggonta ta tambaye ta, "To ni abin da ban gane ba, yaushe ya musulunta ba ku gaya mana ba?" Malama ta kira ni, tsakanin fushi da dariya, ta ce, "Malam, Babana yana nan zaune yana cin rake, ku kun yi masa jana'iza."

Na ba ta haƙuri, na zauna ina tono. Abin ba wuya ba ne da na gano shi. Manhajar da muke amfani da ita tana ajiye kowane hoto a rumbu ɗaya, da sunan da ya zo da shi. In wani ya zo daga baya da suna iri ɗaya, takan lura ta ƙara masa lamba. Amma in biyu suka shigo tare, kowanne zai duba ya ga ba mai wannan sunan, a ba su hanya su duka, wanda ya ƙarasa a ƙarshe ya zauna a kan na farko. Kamar 'yan kamasho biyu ne a tasha su sayar da kujera ɗaya. Abokina ya sa wa hotonsa suna Baba. Malama ma ta sa wa nata Baba. Nata ne ya ƙarasa a ƙarshe.

Na kira abokina ta wayar ƙaninsa. Bayan mun gaisa na ƙara yi masa gaisuwar rashi, na ce ya sake turo hoton, an samu matsala. Ya ce, "Ai yana wurinka." Na ce, "Ba ka da shi a waya?" Ya ce, "An wanke ta tun azahar." Daga nan layin ya katse. Na ji abin a raina ƙwarai, don na san abin da hoton yake a wurinsa.

Na je wurin mai gyara, ya ce aikin gama ya gama. Na rubuta wa masu riƙe mana da shafin, suka ce ajiyar da suke yi ta mako-mako ce, hoton kuma bai yi ko minti a wurinsu ba. Abu ɗaya na samu. Manhajar takan yanki ɗan ƙaramin kwafi na kowane hoto don jerin da mai kula da shafi kaɗai ke gani, kuma ta riga ta yanki na Malam kafin na biyun ya danne shi. Bai fi farcen babban yatsa ba. Kana ganin farin rawani da buta da inuwar mutum a tsugune. In ka ƙara masa girma sai fuskar ta watse.

Ranar addu'ar bakwai na tafi Furana da ɗan hoton a wayata, ina ta shirya yadda zan fara magana. Ina isa na tarar da Malama da mahaifinta sun riga ni. Shi ya dage sai an kawo shi, a kan babur, da audugarsa a ido. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban 'yan'uwan mamaci ya yi gaisuwa yadda ake yi, ya tambayi haƙuri ya tambayi gajiya. Sannan ya juya wurin abokina ya ce, "Ɗana, an yi wuni ana kallon fuskata ana cewa Allah Ya jiƙan Malam. Addu'ar ba tawa ba ce, shi ya sa na kawo ta gidan mai ita." Dattawan zauren suka yi murmushi, wani ya ce Allah Ya ba da lada, aka matsa masa a kan tabarma.

Bayan an watse na ja abokina gefe na nuna masa ɗan abin da ya rage. Ya daɗe yana kallo. Wani kawunsa da ke kusa ya leƙo ya ce, "Ka bar shi haka. Malam dama bai so hoto ba, Allah ne Ya cika masa burinsa." Abokina ya ce, "Na sani, Kawu. Ni ne nake so." Bai ɗaga murya ba, kuma bai ce mini komai na zargi ba, ranar ko bayanta.

Da na dawo, na tara wakilai na kafa doka: daga yau duk hoton da za a ɗora a sa masa cikakken sunan mai shi. Suka dube ni kamar na yi saɓo. Wakilin Malikanchi ya ce, "Wato in zauna in rubuta sunan mahaifina gatsau, kamar wani sa'ana?" Malama ta ce ko a gidansu ba a yin haka. Sai a lokacin na duba rumbun da kyau. Baba, Baba da lamba ɗaya, Baba da lamba biyu, Inna, Hajiya, Yaya, Marigayi. Ba lalaci ba ne ya hana su sa suna, kunya ce da aka raine mu da ita. Ni kaina da na binciki wayata, hoton mahaifiyata Inna na sa masa. Na janye dokata ba tare da an roƙe ni ba. Na koma na gyara manhajar, ta riƙa ba kowane hoto lambarsa tun daga bakin ƙofa, ta kuma sa su layi in sun zo tare. Tun daga nan ba a sake samun wanda ya zauna a kan wani ba.

Yanzu in na tuna, ba na ganin laifin kowa sosai. Wanda ya rubuta manhajar bai taɓa zaton akwai garin da mutane ke jiran ranar kasuwa su tura kaya tare ba, kuma bai san akwai inda ɗa ba ya kiran sunan ubansa ba. Mu kuma mun ɗauka alamar kore shaida ce. Abin da na koya ɗan kaɗan ne: kada ka goge abu a hannunka sai ka buɗe shi a can ka gan shi da idonka, kuma kafin ka kafa wa mutane doka ka tambayi dalilin abin da suke yi.

Bara abokina ya sayi sabuwar waya, ya kawo mini in mayar masa da ɗan hoton. Da na zo ajiyewa na tambaye shi sunan da zan sa. Ya miƙo hannu ya karɓi wayar. Ina kallo ya rubuta sunan mahaifinsa cikakke, harafi bayan harafi, har da na kakansa. Ya duba ya tabbatar ya zauna, sannan ya kife wayar a kan cinyarsa, muka ci gaba da maganar taki.