Badamasi da Gumurzu na Takwas

Duk wanda ya taɓa shiga gidan gem na Uba, inda ake buga wasannin bidiyo, wanda ke bayan injinan casar shinkafa a Kura, ya san Badamasi. Ko bai riƙe sunan ba, zai tuna wani dogon mutum mai baƙin tabarau da ke zama a kujerar roba ta hagu, ya juya wa talabijin kunne maimakon fuska. Makaho ne, kuma an yi shekaru ba a samu wanda ya tayar da shi daga kujerar nan ba.

Ni sunana Usaini, adaidaita sahu nake ja tsakanin Kura da Bunkure. Tare muka taso da Badamasi a ƙauye ɗaya a bakin kanal, kuma da idonsa garau na san shi. Aikinsa feshi. Ya goya tanki tun da sassafe, ya bi gonakin tumatir na Kadawa layi-layi, la'asar na yi ya wanke jiki mu nufi wajen Uba. Wasan da ya haukata mu a lokacin na faɗa ne, mutum biyu, kowa ya zaɓi gwaninsa a daku. Sunansa na Turanci ya gagari bakinmu, sai muka raɗa masa Gumurzu. Dokar gidan guda ce: wanda aka ci ya tashi ya ba na layi wuri, wanda ya ci ya ci gaba da zama. Badamasi bai taɓa zaɓar kowa ba sai wani ƙato mai guduma da muke kira Maƙeri.

Shekarar da tsutsa ta faɗa wa tumatir, masu gona suka ruɗe, kowa na gauraya magani uku ko huɗu a tanki ɗaya. Ana cikin haka tiyo ya ɓalle wa Badamasi a fuska. Ya yi abin da kowane mai feshi a yankinmu zai yi: ya tsuguna ya wanke ido da ruwan kanal, ya koma ya ƙarasa gonar, don kada a ce ya bar aikin mutane rabi. Kafin a kai shi asibiti cikin Kano, aikin gama ya gama.

Ya daɗe a ɗaki. Masu zuwa jaje wasu su ɗaga murya kamar kunnensa ne ya mutu, wasu su yi masa magana da irin muryar da ake lallashin yaro. Matarsa Binta, wadda ke sana'ar turara shinkafa, ita ta yi tsayin daka har ta samo masa aikin ɗinke bakin buhu a wani inji. Hannunsa ya iya aikin nan da nan, amma daga inji sai gida, ba ya zama da kowa.

Ni na takura masa wata rana na kai shi wajen Uba, ba don ya buga ba, don dai ya ji hayaniyar mutane. Ya zauna a bencin baya. Can sai na ji ya ce, "Wane ne yake riƙe da Maƙeri? Ya daina tsalle haka, yana ba mutum kunya."

Uba ya ce, "Ta yaya ka san tsalle yake yi?"

"Ba ka jin faɗowarsa? Miƙo min hannun wasan nan."

Ashe a Gumurzu na farko kowane duka da ƙararsa. Naushi daban, shuri daban, tarewa daban. In gwaninka yana hagu, takunsa a lasifikar hagu yake fitowa, in ya tsallaka ya koma dama. Mu masu ido ba mu taɓa lura ba. Badamasi ya sha kashi a karon farko da na biyu. A na uku ya shimfiɗe Dattijo, wani mai awon shinkafa da ke ganin babu kamarsa a gidan. Dattijo ya miƙe yana bambami, wai an yi masa asiri. Badamasi ya yi dariya har tabarau na zamewa, kuma wallahi ni ban ji dariyarsa ba tun ranar tiyo sai a nan.

Daga nan kujerar hagu ta zama tasa. Ana zuwa daga Madobi da Garun Malam don a gwada shi. Wani ya taɓa cewa ƙarya ne, yana gani, aka ɗaure wa Badamasi fuska da rawani, ya ƙara lallasa mutumin. A inji Badamasi abin tausayi ne. A gidan Uba kuwa abin tsoro ne, kuma ya fi son hakan nesa ba kusa ba.

Da Gumurzu na biyu ya fito, murna muka yi. An ƙara gwanaye, an gyara zane, ƙararrakin na nan yadda suke. Na uku ma da sauƙi, mako biyu Badamasi ya yi ya haddace sababbin. Da sun tsaya a nan, da har gobe ina sa musu albarka. Amma mutanen da ke yin wasan nan, ko su wane ne, a ko wace ƙasa suke, ba su san an ƙoshi ba. Sun mai da shi kamar gonar da ake nomawa rani da damina ba hutu, har ƙasa ta gaji.

Na huɗu ya zo da kiɗa mai hawa kai da wani mai sharhi da ke ihu a kan kowane duka. Uba ya lalubo inda ake kashe kiɗan, amma babu inda ake kashe mai ihun. Na biyar suka kashe Maƙeri a cikin labarin, suka kawo ɗansa da 'yarsa da wani wai shi ƙanin babansa, duk da guduma, duk ba mai nauyin takunsa. Tsakanin na biyar da na shida kuma sai ga Gumurzu na tseren mota, ga Gumurzu na ƙwallo, ga na waya da ake jera kati, har da wani na ƙananan yara inda 'yan daben nan suka koma masu manyan kawuna suna dafa abinci. Ni da idona na ga jikan Maƙeri yana soya ƙwai. Ranar na fita waje na yi tsaki har wani mai rake ya tambaye ni ko lafiya.

Saboda saurin da suke yi, sai suka daina wahalar da kansu. A na shida, naushi da shuri da faɗuwa duk ƙara ɗaya ce, dum, dum, kamar ana jibge buhu. A na bakwai filin faɗan ya koma yana juyawa, hagu ta zama dama ba sanarwa, kuma in za a kawo maka babban duka wata jar fitila ce ke walƙawa, ba sauti. Masu ido ma sun yi ƙorafi, sun ce wasan ya zama shirme. Amma mai ido in ya yi ƙorafi sai ya koma buga ƙwallo. Badamasi ba shi da wani wasan.

Uba ya yi iya ƙoƙarinsa, kada a zalunce shi. Ya ajiye tsohuwar na'ura a lungu da ƙaramar talabijin saboda Badamasi kawai. Sai dai masu zuwa sabo suke so, lungun ya zama sai mu tsofaffin hannu. Sannan wata damina janareta ya turo wuta da ƙarfi na'urar ta ƙone. Na kai ta wajen masu gyara a Kano, suka ce an daina yin kayanta. Muka samo ta hannu, ta ƙi karanta faifai. Wani ya sa mana na farkon a waya, Badamasi ya shafa gilashin da yatsa, ya ce, "Ina madannan?" Ya miƙo min ita.

Ya ci gaba da zuwa duk da haka. Ya bi layi, ya zauna, a ci shi, ya tashi. Sababbin zuwa ba su san ko shi wane ne ba, suna mamakin me makaho ke nema a layi.

Bara na takwas ya fito, aka ce sun dawo da Maƙeri saboda tsofaffin masoya. Uba da kansa ya je inji ya yi wa Badamasi albishir. Muka zo da ɗoki. Ga Maƙeri kuwa, an sa masa sulke na zinariya, yana tafiya ba a jin takunsa. Badamasi ya karkata kunne, ya daɗe, ya ce, "Wannan ba shi ba ne. Sunansa kawai suka ara." Ya buga, aka ci shi. Haka aka yi ta yi har aka fara girbin shinkafa.

Sai wata Juma'a bayan la'asar abu ya juya. Ya zauna da Dattijo, ya ci shi. Na biye ya zauna, ya ci shi. Mutum huɗu a jere. Gida ya kaure da sowa, Uba na buga benci yana cewa sarki ya dawo. Ni wallahi na ɗauka gaske ne. Na yi ihu har muryata ta dushe, na ce ashe kunnen mutumina ya gano bakin zaren.

Na ɗauko Badamasi muka kama hanyar gida. Da muka kai gadar kanal ya ce in tsaya. Na kashe inji, ba a jin komai sai ruwa da injinan ban-ruwa daga nesa.

"Usaini, kai ma da kai aka shirya?"

"Aka shirya me?"

Ya ce, "To, ba da kai. Bari suke yi in ci. Dattijo yana danna madanni da ƙarfi don in ji, amma wanda ba ya komai yake dannawa. Shekara nawa ina sauraron yatsun mutumin nan? Ni kuma duka kawai nake kaiwa cikin iska. Ban san inda nake ba a wasan nan, ban san inda yake ba."

Raina ya ɓaci sosai. Na ce gobe zan je in same su, wannan ai raini ne.

Ya laluba ya kama min kafaɗa. "Kada ka kuskura. Don Allah suka yi. In suka san na gane, kunya za ta kama su, su daina, kuma ba wanda zai ƙara iya zama kusa da ni. Ka faɗa min, in na bar gidan Uba ina zan je?"

Na so in zagi wani, amma waɗanda suka yi mana wannan ba su san akwai garin da ake kira Kura ba, balle su san da Badamasi.

Har yau ni nake kai shi, Juma'a da Lahadi. Yana zama a kujerar hagu, ya karkata kunne kamar mai jin wani abu, su Dattijo su yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Su suna ɓoye masa, shi yana ɓoye musu, ni ina tsaye a baya ina tafi tare da kowa. Makon jiya Uba ya shigo da murna ya ce an sanar da na tara. Badamasi ya yi murmushi ya ce Allah ya kai mu, sannan ya tambaya waye na gaba a layi.