Mulufin Gonar Kaka

Wata ranar Alhamis a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji huɗu a lekol, wato makarantar boko, Kawu Isiyaku ya same ni a kan rumfar tsaro a gonar kakata, can bayan Garwa ta wajen kogin Binuwai. Ina riƙe da igiyar da aka jera wa gwangwanayen tumatir masu tsakuwa a ciki. In tsuntsaye suka sauka kan dawa sai in fizga, gona ta ɗauki ƙara, su watse. Ya tsaya a ƙasa da kyamara a wuya, gabanta da wani dogon gilashi kamar guntun taɓarya, ya ce, "Hadiza, don Allah ki bar mini jan nan ya ɗan zauna."

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, direban da ke kai baƙi gandun daji, kuma a hannun ɗayansu ya sayi kyamarar. Jan da yake nufi mulufi ne, ɗan tsuntsun nan mai ja da baƙi da ke lilo a kan zangarniya. Ni kuwa korarsa aka aiko ni. Dawar nan ita ce tuwonmu har wata damina, kuma Kaka ba ta iya tsaronta da kanta, domin yanar ido ta daɗe da rufe mata gani. Da tafin hannu take duba gonarta, ta shafa zangarniya ta gane inda aka ci.

Hotunan da Kawu ya fara wankowa ba su yi ba. Tsuntsun yana ciki, amma sai an neme shi tsakanin kara da ganye da tsummokaran da muka rataya. Ya shimfiɗa su a kan tabarma yana yi mini bayani kamar wata babba. Ya ce sai ya ja gilashin har iyakar tsawonsa, ya buɗe idon gilashin gaba ɗaya, ya matso kusa da tsuntsun, sannan abin da ke bayansa ya kasance da nisa. "In bayansa ya manne masa, komai zai fito yana gasa da shi," in ji shi. Sai na tuna da 'yan kararen da suka ware a bakin gona, inda ba komai a bayansu sai ruwa da ciyawar ƙetare. Muka shirya in daina jan igiyar wannan kusurwa.

Haka muka yi ta yi duk ranar da ba lekol. Yakan durƙusa cikin laka har ƙafarsa ta yi sanyi, ni ina can sama ina korar na tsakiyar gona a hankali, ina gasa masara, ina saƙa 'yar tsana da ganye. Wata rana ya ɗora mini idona a kan kyamarar. Na ga mulufin dab da hancina, ƙirjinsa yana motsi, kogin da ciyawar duk sun narke sun zama kore mai laushi. Na manta da igiya har aka kira la'asar.

Kaka ta gane, ba a daɗe ba. Ta dawo daga gona da zangarniya biyu da suka zama ƙaiƙayi, ta ajiye su a gaban Kawu yana cin abinci. Ya ce laifinsa ne, ba nawa ba. Ta ce, "Isiyaku, kai da kake cin tuwon, kai ne mai gayyato masa baƙi?" Ta hana shi taka gonar, gaisuwarsa ma da ƙyar take amsawa, gidan ya yi mana nauyi har aka fara girbi.

Ran da ya karɓo hoton mulufin da ya ɗauka kafin a hana shi gonar, ashe ya sa an yi masa babba. Ya durƙusa ya miƙa wa Kaka a tsakar gida, inda take tsince wake da laluben hannu. Kaka ta daina karɓar hoto tuntuni, takan ce duk cakuɗe suke mata. Wannan kuwa ta kai shi kusa da fuskarta, ta juya wajen haske, ta daɗe tana kallonsa. Ja ne guda ɗaya a kan fili, ba abin da ya rufe shi. Ta bi gefensa da yatsa tun daga kai har wutsiya, ta ce, "Ashe har yanzu haka jansa yake." Rabonta da ganin mulufi tun kafin a haife ni. Ta sa aka ɗora hoton a kan jeren kwanukanta, da yamma kuma ita da kanta ta tambaya ko an ajiye wa Isiyaku tuwo.

Yanzu inda gonar take gidaje ne na bulo, kuma 'ya'yana suna dusashe bayan hoto a waya da taɓawa ɗaya, ba laka, ba jira. Nakan duba nasu in yaba. Amma ban ƙara ganin wanda ya daɗe yana kallon hoto guda kamar yadda Kaka ta yi ba.