Ranar da Inna Ta Tambayi Likita da Bakinta

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta su, amma ranar da muka kai Inna asibiti a Kankiya saboda ciwon mantuwa tana nan daram a raina, ba na jin za ta taɓa gushewa.

Inna ita ce mahaifiyata. A Kusada ta yi rayuwarta duka, kuma ba a san ta da ruɗewa ba. Abin a hankali ya fara. Ta zuba gishiri a miya, ta juya ta sake zubawa. Ta sallame la'asar, ta tambaya ko an kira salla. Muka ce gigin tsufa ne. Sai ranar da ta je barka a maƙwabta ta kasa gane hanyar gida, wata mai tallar nono ce ta riƙo hannunta har ƙofa.

Yayana, wanda ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, shi ya fara kawo mata kwalaben bitamin. A waya ya gani wai an yi bincike an gano suna tsayar da ciwon, ya kuma yarda har zuciyarsa. Ni ban musa ba, ban gaskata ba. Ta yi watanni tana haɗiya, mantuwa na ƙara gaba. Da muka ji akwai likitan ƙwaƙwalwa da kan zo asibitin Kankiya daga Katsina, muka kai ta aka ɗibi jininta, aka sa mana ranar dawowa.

Ranar dawowar, da hantsi muka shiga. Likitan ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta watan da ake ciki, ta kasa tunawa. Ya nuna ni ya ce, "Hajiya, wannan fa?" Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ai ta gida ce." Sunana bai zo mata ba.

Yaya ya juye kwalaben a kan tebur. Likita ya duba su ya ce, "Akwai wanda ƙarancin wani bitamin a jini ke sa shi mantuwa, in aka ba shi yakan samu sauƙi. Shi ya sa muka gwada jininta, kuma nata lafiya lau yake. Irin ciwon da take da shi, an sha gwada bitamin a kan masu shi, ana kwatanta waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba. Har yau ba a samu tabbacin yana tsayar da shi ba."

Yaya ya ce, "To wanda na gani a waya fa, likita?"

"Mai yiwuwa an yi binciken. Amma a ce ana fata daban, a ce an tabbatar daban." Ya ce akwai wata ƙwaya da aka gwada sosai, takan sassauta wa wasu na ɗan lokaci, wasu ba ta yi musu komai, wasu ma takan tayar musu da zuciya.

Duk wannan magana a kanta ake yi, ba wanda ya dube ta. Mun ɗauka hankalinta na wani wuri. Sai muka ji ta ce, "Likita, ni ce mai ciwon. Ƙwayar nan warkarwa take yi?"

Ya juyo da kujerarsa ya fuskance ta. "A'a, Hajiya. In an dace, lokaci take ƙara miki kafin mantuwar ta yi nauyi."

Ta gyara mayafinta ta ce, "To ba ni ita. Ina da sauran maganar da ban faɗa ma ɗiyana ba."

Ba wanda ya yi kuka. Yaya ya tattara kwalabensa a leda, muka karɓi magani, muka hau mota zuwa Kusada.

Ko ƙwayar ce ta yi aiki, ko ciwon ne ya yi tafiyarsa a hankali, ban sani ba, likitan ma ya ce ba zai iya rantsuwa ba. Abin da na sani, daga daminar shekarar har bayan girbi, Inna takan zaunar da mu da safe, lokacin da kanta ya fi washewa. Ta faɗa mana danginmu na garin Fakuwa da zumunci ya yanke, ta ce mu neme su. Ta sa aka kira ƙanwarta da suka daɗe ba sa ga maciji, suka yafi juna. Ta nuna wadda take so ta yi mata wanka in ta cika. Bayan nan maganar ta riƙa raguwa, har ta ɗauke. Ta yi 'yan shekaru a haka kafin Allah Ya karɓi abinSa.

Abin da na koya shi ne, maganin da ba ya warkarwa ba lallai ne ya zama na banza ba, muddin an faɗa wa mai shan sa gaskiyar iyakarsa. Da an ce mata za ta warke, da ta ajiye maganganun nan sai ta warke. Tun daga ranar, in na raka marar lafiya wurin likita, nakan ja bakina in bar shi ya fara tambaya.