Bokitan Ɓawon Mangwaro a Sitona

Shekarun baya, ina tankaɗen gari da hantsi na ji "fus!" daga sito. Na leƙa, sai ga murfin bokiti a ƙasa, kumfa na gangarowa, ga wani wari da ban taɓa ji a gidana ba.

Bokitan ƙanwata ne. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, ta zo mana Batsari da aikin bincikenta. Ta jiƙa ɓawon mangwaro, wai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani za su mai da ruwan ya zama tsamin da masana'antu ke saye don adana abinci. Ta ɗaure bakin bokitan da ƙyalle, ta koma Katsina. Ni kuwa tun ina ƙarama aka koya mini a rufe kwano da bismilla. Na cire ƙyallayen, na danna murafe gam, ina ganin gata na yi mata.

Ranar da murfin ya tashi, ranar surukata ta zo daga Safana. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ɗaga hanci.

"'Yar nan, burkutu ake dafawa a gidan ɗana?"

Na kira ƙanwata a waya. Maimakon ta ba ni haƙuri, faɗa ta hau yi. Wai ƙwayoyin farko kan mai da zaƙin ya zama giya, na biyu su juya giyar ta koma tsami, amma sai da iska, ni kuma na toshe musu numfashi.

"To me ya hana ki gaya mini akwai giya a tsakiyar karatun naki?"

"Yaya, da na faɗa za ki yarda?"

Wallahi da ban yarda ba.

Na tuttular da su bayan gida ina istigfari. Surukata ta yi kwana biyu ba ta taɓa kununa ba, sai da maigidana ya zauna ya yi mata bayani dalla-dalla. Ƙanwata ta sake aikin a makaranta, ta kuma ci jarrabawa.

Har yau in na tuna raina na sosuwa. Na yarda abin da ban sani ba gara in tambaya kafin in gyara. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da 'yata mai shekara shida ta dawo da shi daga Islamiyya a makon da abin ya faru, tana murna wai ta kare ni:

"Umma, na gaya wa Malama ba ki iya dafa giyar ba, shi ya sa kika zubar."