Katangar da Na Yaɓe Kafin a Ba Ni Mabuɗi

Shekarar da mutanen daji suka hana mu noma, muka baro ƙauyenmu na wajen Randagi, ɗaki ɗaya muka samu a gidan wan matata a Birnin Gwari. Ni da ita da yara biyar. In ruwa ya sauko sai a ɗora kaya kan gado, yara su hau kan kayan. Shi ya sa da na sayar da shanun nomana da babur, ban nemi shawarar kowa ba, gida na shiga nema.

Wani dillali ya kai ni wurin wani dattijo mai gidan ƙasa, ɗaki uku da zaure da rijiya. Tsohon ba shi da lafiya, yana son komawa Kaduna kusa da 'ya'yansa da asibiti. A zaure muka yi ciniki. Ina tayi yana cewa albarka, har dai ya ɗago kai ya ce, "Na sallama." Na ba shi hannu, na biya kaso mafi yawa, saura sai ranar rubuta takarda. Mai unguwa ya yi tafiya, aka ce a jira ya dawo.

Na tambayi dillali yaushe zan tare.

Ya ce, "Mutumin Randagi, ai ka riga ka tare. Ka ce wa uwargida ta fara ɗaure tukwane."

Ta kuwa ɗaure. Kafin mai unguwa ya dawo, Allah ya yi wa tsohon rasuwa.

Matarsa ta shiga takaba, kuma kowa ya san ba a tayar da mai takaba daga ɗakin mijinta sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Ban ma yi tunanin tayar da maganar ba. Na je jana'iza, na zauna zaman makoki, na dawo na ce wa matata ta kwance tukwanenta. Ta kwance, sai dai ranar tuwon ya yi gishiri.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a cikin watannin nan mutane na ta kwararowa gari daga Kutemeshi da ƙauyukan bakin daji. Kowa gida yake nema. Kuɗin gidaje ya tashi. Bayan addu'ar arba'in sai babban ɗan marigayin ya aiko a kira ni. Na same shi a zauren, dillali na gefensa yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Malam, mun ji an ce akwai 'yar magana tsakaninka da Baba. Za mu mayar maka da abin da ka bayar, har mu ɗora maka wani abu na haƙuri."

Na ce, "Alhaji, ba 'yar magana ba ce, ciniki ne. Ya sallama."

"Ina takarda?"

A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Yanzu ne nake zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, har nake iya zana wannan da hannuna. Amma ko a lokacin na san sallama ba a takarda take farawa ba. Na nuna dillali na ce ga shaida nan.

Dillali ya sosa ƙeya. "To, ni dai na ji kamar ana tayi. Ka san kunnena ɗaya ba ya ji sosai."

Na ce, "Ranar la'ada duka biyun suna ji."

Alhaji ya turo mini leda da kuɗi a ciki. Na ɗauke hannuna na sa a aljihu. Na san in na taɓa ledar nan, ciniki ya warware, kuma abin da ke cikinta yanzu ko kango ba zai saya mini ba. Na yi musu sallama na fita.

Wan matata ya ce in karɓa, wai ni baƙo ne, ba zan iya ja da 'yan gari ba. Na ce masa an kore ni daga gonar da ubana ya sare da gatarinsa, na tafi don masu korar suna da bindiga. Waɗannan kuwa leda ce kawai a hannunsu.

Sai ga damina ta matso. Duk mai gidan ƙasa ya san aikin wannan lokaci: in ba ka yi yaɓe ba kafin ruwan farko, katanga za ta zube. Na bi ta gidan na ga katangar gabas ta tsage, gindinta ya zaizaye. 'Ya'yan suna Kaduna, ba mai dubawa. Washegari na ari baro, na ɗebo jar ƙasa daga kududdufi, na zuba ciyawa, na naɗe wando na shiga kwaɓa. Daga waje na tsaya, ban taka ko dokin ƙofa ba, don mai takaba na ciki.

Maƙwabta suka fito kallo. Wani ya ce, "Malam, kwangila aka ba ka?"

Na ce, "A'a, katangata ce."

Labari ya kai Kaduna. Alhaji ya biyo ayarin motocin da ake rakowa saboda mutanen daji ya zo, ya same ni a kan tsani, laka har gwiwar hannu.

"Wa ya sa ka?"

"Ba a sa mutum gyaran gidansa, Alhaji."

"Sauko, ko in kira maka 'yan sanda."

"Kira su. In sun zo su miƙo mini ƙasa, wannan ɓangaren ya fi ƙarfin mutum ɗaya."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Muna cikin haka sai wata maƙwabciya ta fito daga gidan da kwanon kunu, ta ajiye a gindin tsani, ta ce, "In ji Inna mai takaba, wai sannu da aiki." Alhaji ya dubi kwanon, ya dubi ƙofar, ya juya ya shiga ciki. Na gama katangar gabas, na koma ta kudu, na gyara indararo, na share kwata.

Da Inna ta fita takaba, mai unguwa ya tara mu a zauren. Alhaji ya yi dogon bayani a kan haƙƙin magada. Mai unguwa ya tambayi tsohuwar, tana zaune a bayan ƙyaure, ko tana da abin cewa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ranar cinikin a nan nake, inda nake zaune yanzu. Da kunnena na ji ya sallama. Kuɗin kuma su aka kai asibiti, wanda ya karɓa ya san kansa." Ta ƙara da cewa, "Ni ba zan bari a tsayar da mijina a lahira a kan gidan ƙasa ba."

Nan gardama ta ƙare. Dillali ma kunnensa ya warke nan take.

Duk da haka ban samu mabuɗi ranar ba. Sai da aka nemo sa hannun kowane magaji, wata tana aure a Funtuwa, hanya kuma yau a buɗe gobe a rufe. Na cika sauran kuɗin, aka zagaya iyaka da maƙwabta, aka buga hatimi. Na yi ciniki ana casar dawa, ban tare ba sai da wata dawar ta fitar da kai.

Inna ta ce ba ta son Kaduna, na bar mata ɗakinta, tana nan tare da mu. In Alhaji ya zo gaishe ta, sai ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama. Nakan bar shi ya maimaita kafin in ce ya shigo.