Takalman da ba su da mai su

A gidanmu ba a yanka fata sai an ga ƙafa. Haka kakana ya bar wa babana, babana ya koya mini da rankwashi. Makiyayi zai zo daga wajen Azagor, a sa shi ya taka zuwa bakin rijiyar Dakoro ya dawo, baba yana zaune yana kallon inda yake jingina nauyinsa. Sannan ya hau ƙirgi, wato jemammiyar fatar saniya, a zagaya ƙafarsa da gawayi. Ni kam abin yana ba ni haushi, yini guda a kan mutum ɗaya.

Ina da mata da ɗa ɗaya shekarar da ciwon shanu ya shigo. Garke ya kwana lafiya, kafin la'asar ya zube. Fata ta zama ta banza, kowa ya feɗe ya yar. Ni da guntun wayona sai na ga arziki ya zo har gida. Lokacin idon baba ya mutu, ba mai hana ni. Na kwashi fatu na jeme da bagaruwa, na zauna wata uku ina yanka takalma, manya da ƙanana, ba tare da na ga ƙafar kowa ba. Na cika buhunan kaba na kai kasuwa.

Ban yi tunanin cewa wanda ba shi da saniya ba shi da inda za shi ba. Mutanen da muka yi wa ɗinki tun zamanin kakana na same su zaune a inuwa, sanda a kan gwiwa, ba su ko ɗaga kai ba. Wasu sun riga sun yi kudu. Kasuwa uku na ci, na dawo da kayana yadda na tafi da su.

Baba ya ji ƙanshin jima, ya sa aka miƙo masa takalmi ɗaya. Ya shafa shi ciki da waje, ya daɗe.

"Wanga na wa na?"

"Ba na kowa ba na, Baba."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin daɗi. Ya ajiye takalmin a hankali, ya ce a kira masa maƙeri. Na zaci wasa wuƙa za a yi. Sai ya kwance jakar da kakana ya ba shi, ya fito da wuƙaƙen yanka da basilla, ya ce a narka su a yi wa jikansa 'yar hauya.

Ina tsaye a wurin, hannuna a buɗe, bai ko juyo wajena ba. Har yau in na tuna zuciyata tana ƙuna. Ɗana ya yi noman gero da hauyar nan damina biyu, ta karye.