Shekarar da Na Yi Binne

Garinmu yana kusa da Filinge, cikin kwari mai tsawo wanda jan dutse ya tsare gabas da yamma. A tsakani sai goruba da gawo, da farin yashi wanda in ka tona kaɗan ruwa zai taso. Baƙi kan ce mun ji daɗi. Ni kuwa da na tasa, lokacin mulkin Nasara bai ƙare ba, ji nake kamar an ajiye ni cikin akushi an manta da ni.

Da rani makiyaya kan sauka a gonarmu, shanu su ci kara su bar mana taki. Shanunmu ma a hannunsu suke. Mai rugar yana da ɗiya mai kawo mana nono, ita ce ta fara ba ni labarin arewa, inda suke kai garke da damina: ba dutse, ba shinge, ciyawa har inda ido ya gaji.

"Kai ɗan kwari," takan ce, "ka taɓa ganin rana ta taɓa ƙasa?"

"Na gani mana."

"Ƙarya kake! Dutse ka gani yana haɗiye ta."

Daga nan zuciyata ta riga ni tafiya. Na roƙi Baba ya bar ni in bi shanunmu arewa. Idonsa ya fara rauni a lokacin, yayyena kuma sun tafi cin rani Kurmi, ba su dawo ba.

"Ban hana ka ba," ya ce. "Amma ka yi mini binne tukuna."

Binne shi ne shuka gero a busasshen yashi tun ruwa bai sauka ba. A gidanmu kuwa, wanda ya rufe iri da diddigensa, in ya tsiro, shi ke da noman farko da maimai. Na san haka sarai. Amma binne yakan mutu, ko zafi ya ƙone shi, ko ɓera ya tone, kuma na ɗauka yayyena suna hanya. Na saɓa sungumi, na shuke gonar ina waƙa.

Wata la'asar hadari ya leƙo ta kan dutsen gabas. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya cika da guɗa. Kafin mu ankara gonar ta yi kore, ko rami ɗaya bai faɗi ba. Baba ya durƙusa yana shafa tsiron da yatsa.

"Diddigenka da albarka, yaro."

Na juya na dubi rugar. Shanu ba sa kwana kusa da tsiro, don haka da safe rugar ta tashi. Ina tsaye da hauya ɗiyar ta zo wucewa a kan takarkari, tsakanin ƙorai da tabarmi.

"Ɗan kwari, ba ka zuwa?"

Na nuna mata gonar. Ta dubi tsiron, ta dube ni, ba ta yi dariya ba.

"To, Allah ya ba da amfani," ta ce.

Na bi garken da ido har ya haura ta tsagin dutse. Saniyarmu ta waiwayo, aka kora ta.

Yayyena ba su iso ba sai da na gama maimai, gero ya wuce kaina, ba mai iya faɗin inda garken ya kai. Da rani ɗan'uwan mai rugar ne ya dawo mana da shanu. Mai rugar da ɗiyarsa kam, ya ce, sun sauka wata rijiya can arewa, sun ga wurin ya karɓe su.